Yadda Ake Bin Sawun Gadon da Aka Riƙe Maka Tun Kana Ƙarami

Ranar da ake raba gado, ƙananan yara ba sa zaure. Manya ne ke zama su yi lissafi, a ce kason wane da wance an damƙa wa mahaifiyarsu, ko baffansu, ko mahaifinsu idan uwa ce ta rasu. Shekara 15 ta wuce, yaro ya girma yana neman kuɗin jami'a ko jari ko sadaki, ya tambaya, a ce masa ai kuɗin nan sun daɗe da ƙarewa. Wani lokaci gaskiya ne, sun tafi a cinsa da suturarsa da karatunsa. Wani lokaci kuwa gida aka gina da su, ko aure aka ƙara, ko an zuba su a kasuwancin da ya karye. Da maganar baki kaɗai ba za ka bambance waɗannan ba, kuma wanda ya fara da zargi tun bai riƙe takarda ko ɗaya ba yakan rasa kuɗin, ya rasa zumuncin.

Aikin da ke gabanka shi ne gano adadi uku: nawa ne kasonka ranar rabo, nawa aka kashe a kanka ta hanyar da shari'a ta yarda, nawa ya kamata ya rage. Bayanin na mace ne da namiji, kuma na gina shi a kan yadda abin ke gudana a arewacin Najeriya, inda kotunan shari'ar Musulunci ke hukunci da fiƙihun Malikiyya. Idan mamacin ba Musulmi ba ne, Babbar Kotun Jiha ko kotun gargajiya ce ke duba gadonsa, amma hanyoyin bincike a banki da ofishin fansho da ofishin filaye duk ɗaya ne.

Kafin ka taka ƙafa, san matsayinka

Dukiyar da ta faɗo wa yaro ta gado tasa ce tun ranar da mamacin ya cika, ko da yana goye. Wanda ya karɓa a madadinsa amana ya riƙe. Aya ta 6 a Suratun Nisa'i ta shimfiɗa ƙa'idar gaba ɗaya: a jarraba marayu har su isa aure, idan an ga shiriya a tare da su a miƙa musu dukiyarsu, kada a yi gaggawar cinye ta don gudun kada su girma, mawadaci ya kame, matalauci ya ci gwargwadon abin da ya dace, kuma ranar miƙawa a kafa shaidu. Aya ta 10 kuma ta ce masu cin dukiyar marayu da zalunci wuta suke zubawa a cikinsu. Tunda Allah da kansa ya ce a kafa shaidu, neman lissafi ba rashin kunya ba ne, ba kuma saɓa wa iyaye ba ne.

Za a iya karanto maka hadisin da ke cewa kai da dukiyarka na mahaifinka ne. Hadisin yana nan, amma akasarin malamai sun fassara shi da cewa uba mabuƙaci yana da haƙƙin a ciyar da shi daga dukiyar ɗansa, ba wai ya mallake ta ba. Hujjarsu a fili take: idan ɗa ya rasu ya bar ɗa namiji, sudusi kawai, wato kashi ɗaya cikin shida, mahaifinsa ke gada. Da dukiyar tasa ce tun farko, da duka zai kwashe.

A mazhabar Malikiyya, mai ikon juya dukiyar yaro shi ne uba, sai wasiyyin da uban ya naɗa kafin ya rasu, sai alƙali ko wanda alƙali ya wakilta. Uwa tana da haƙƙin reno, amma renon bai ba ta ikon sayar da gidan yaro ko gonarsa ba sai in wasiyya ce ko alƙali ya ba ta izini. Baffa da kawu da yaya da kaka ma haka.

Akwai kuma ƙa'idar da ta fi taimakon iyaye, kuma adalci ne ka san ta tun yanzu. Yaron da ke da dukiya, ciyar da shi daga dukiyarsa ake yi. Wajabcin ciyarwa yana hawa kan uba ne idan yaron ba shi da komai. Saboda haka idan mahaifinka ya ce da kuɗin gadon mahaifiyarka ya biya maka makaranta da asibiti, bai faɗi abin da shari'a ta ƙi ba. Abin dubawa shi ne ko adadin ya yi kama da gaskiya.

Mataki na 1: Rubuta abin da ka sani, ka tattara abin da ke gida

Sayi littafi ɗaya don wannan aiki kawai. Rubuta cikakken sunan mamacin yadda yake rubuta shi a takardun hukuma, har da wasu sigogin, domin Muhammad na iya zama Mohammed ko Mamman a wata takarda. Rubuta ranar rasuwa, inda ya yi aiki, bankunan da ka taɓa ji, da sunayen duk magadan da suke raye ranar da ya rasu. Ranar rasuwa ta fi komai muhimmanci, don daga ita ake fara ƙirga abin da aka kashe a kanka. Nemi takardar shaidar mutuwa daga asibitin da ya rasu ko daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa.

Sai ka duba tsofaffin akwatuna da jakunkunan takardu da izinin mai ɗaki: littafin ajiyar banki, guntun cek, takardar albashi, takardar hannun jari, rasit, takardar cinikin fili. Ɗauki hoton kowacce da waya, ka mayar da ita inda take. Kada ka saci takarda, kada ka buɗe wayar mahaifinka a ɓoye. Ranar da aka gano, maganar za ta tashi daga kan gadonka ta koma kan halinka.

Mataki na 2: Gano inda aka raba gadon

Hanya biyu ce. Ko an raba a kotu, ko an raba a gida a gaban malami da dattawan dangi.

Idan a kotu ne, ka yi sa'a, domin kotu tana rubutawa. Je wurin rijistaran kotun shari'ar da ke unguwar da mamacin ya zauna, ko Babbar Kotun Shari'a ta yankin, da sunan mamacin da shekarar rasuwa. Rubuta takardar neman kwafin shari'ar rabon gadon, wanda kotu za ta buga wa hatimi ta tabbatar da shi. Kai magaji ne, kana da hurumin nema. Biya kuɗin da aka yanka, ka karɓi rasit. Idan rabon ya gabaci shekarar 2000, ka tuna cewa a jihohi irin su Kano da Zamfara da Katsina da Sakkwato kotunan yanki ne a lokacin, waɗanda ake kira Eriya Kot, daga baya aka mayar da su kotunan shari'a. Tsofaffin kundayen suna iya kasancewa a wannan ginin ko a ɗakin ajiya na hedikwatar sashen shari'a. Tsohon magatakarda ko masinjan da ya daɗe a kotun yakan san inda suke fiye da sabon ma'aikaci, don haka ka girmama shi ka tambaye shi.

A cikin kwafin, abu huɗu za ka nema: jerin abin da mamacin ya bari da kimar da aka yi wa kowanne, bashi da wasiyyar da aka cire, kason da ya faɗo maka, da sunan wanda ya sa hannu ya karɓa a madadinka. Wannan na ƙarshe shi ne ginshiƙin duk binciken.

Idan a gida aka raba, sai ka koma ga mutane. Malamin da ya yi lissafin sau da yawa yana ajiye takardar, wani lokaci da ajami. Mai unguwa, limamin unguwa, aminin mamacin, kishiyar mahaifiyarka, yayyenka da suka riga suka girma a lokacin, kowannensu yana riƙe da wani yanki na labarin. Tambaye su ɗaya bayan ɗaya, ba a taro ba, kuma kada ka ce kana zargin kowa. Ka ce kana son sanin abin da marigayi ya bari. Abin da babban wanka ya karɓa zai nuna maka naka, tunda kason 'ya'ya maza daidai yake. Fara da tsofaffin ciki, don shaida ba ya jiran ka shirya.

Mataki na 3: Lissafa kasonka da kanka

Ana fara cire kuɗin jana'iza, sai bashi, sai wasiyya wadda ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku ba, sannan a raba saura. Ga misali don ka ga yadda lissafin ke tafiya. Mutum ya rasu ya bar naira 2,400,000 bayan an cire waɗannan, da mata ɗaya, da mahaifiya, da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya. Matar tana da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, naira 300,000. Mahaifiyar tana da sudusi, naira 400,000. Saura naira 1,700,000 a kasa biyar, kowane kashi naira 340,000. Kowane namiji ya ɗauki 680,000, macen ta ɗauki 340,000. Idan uwa ce ta rasu ta bar 'ya'ya, mijinta yana da rubu'i, wato kashi ɗaya cikin huɗu, kuma wannan halalinsa ne, kada ka sa shi cikin abin da kake bi.

Kai lissafinka wurin malamin da ya san ilimin gado ya duba, domin magaji ɗaya da ka manta yana sauya komai.

Mataki na 4: Banki

A nan mutane suka fi ɓata lokaci, saboda ba su raba asusu biyu ba.

Asusun da aka buɗe da sunanka kana yaro naka ne. Mahaifi ko mahaifiya mai sa hannu ne kawai har ka cika shekara 18. Je reshen bankin da lambar NIN da BVN da takardar haihuwa, ka rubuta takardar neman a mayar da asusun hannunka, a kuma ba ka bayanan shige da fice tun daga ranar buɗewa. Ka sa a buga maka hatimin karɓa a kwafin takardarka. A cikin bayanan, duba ranar da kuɗin gadon suka shiga, sannan ka bi manyan fitarwa ɗaya bayan ɗaya. Naira 40,000 da ke fita duk farkon zangon karatu labarinta daban da naira 600,000 da ta fita rana ɗaya, wata guda kafin wani biki a gidan.

Asusun mamacin kuwa, banki ba zai buɗe maka shi don ka ce kai ɗansa ne ba. Sai da takardar izinin kula da dukiyar mamaci, wadda sashen gado na Babbar Kotun Jiha ke bayarwa, ko da umarnin kotu. Idan an taɓa fitar da kuɗi daga asusun bayan rasuwa ta hanyar da ta dace, to akwai fayil a kotu mai ɗauke da sunayen waɗanda aka ba izinin da adadin da suka bayyana. Nemi kwafinsa. Idan kuma da katin ATM aka riƙa zarar kuɗin bayan an binne shi, bayanan bankin za su nuna ranakun, kuma alƙali yana iya umartar banki ya kawo su. Wanda mamaci ya rubuta a fom a matsayin makusancinsa bai zama mai kuɗin ba. Mutum ne da za a tuntuɓa, kuɗin na magada ne duka.

Kada ka karaya don an ce bankin ya mutu. A 2005 Babban Bankin Najeriya ya tilasta wa bankuna haɗewa, suka ragu daga 89 zuwa 25, kuma wasu sun sake sauya hannu bayan haka. Bank of the North ya shiga cikin Unity Bank. Habib ya haɗu da Platinum suka zama Bank PHB, wanda ya koma Keystone a 2011. Afribank ya zama Mainstreet, Skye ya saye shi, Skye kuma ya zama Polaris a 2018. Oceanic ya shiga Ecobank, Intercontinental da Diamond suka shiga Access. Bankin da aka soke lasisinsa aka rufe, kamar Heritage a 2024, Hukumar NDIC mai inshorar ajiyar banki ce ke biyan masu ajiyarsa. Tsohuwar lambar asusu ma tana da amfani, ko da ba irin mai lamba 10 ta yanzu ba ce, don da ita za a gano sabuwar.

Wani lokaci ba wanda ya ci kuɗin, mantawa aka yi da su. Bisa ƙa'idar da Babban Banki ya fitar a 2024, asusun da ya yi shekara 10 ba a taɓa shi ba ana mayar da kuɗinsa wani asusun amana a Babban Bankin, kuma mai su ko magadansa suna iya nema ta hannun bankin da aka yi ajiyar. Ka sani kuma doka shekara 5 ta wajabta wa banki ajiye bayanan ciniki a ƙalla, saboda haka bayanan shekara 20 baya sai an matsa, wani lokaci sai da takardar kotu. Idan banki ya yi biris da takardarka har mako biyu, kai ƙorafi Sashen Kare Haƙƙin Masu Hulɗa da Bankuna na Babban Banki, ka haɗa da kwafin takardar da suka buga wa hatimi.

Mataki na 5: Haƙƙoƙin wurin aiki da hannun jari

Idan mamacin ma'aikaci ne, sau da yawa kuɗin da suka fi yawa ba a ranar rabo suka fito ba. Giratuti da kuɗin mutuwa sukan ɗauki shekaru, su fito bayan kowa ya watse, wanda ke bin fayil ɗin ya karɓa shi kaɗai. Wannan ce ƙofar da gadon yara ya fi zurarewa ta cikinta.

Je sashen ma'aikata na inda ya yi aiki da lambar fayil ɗinsa. Ma'aikacin tarayya ko na kamfani da ke cikin tsarin fansho na karo-karo, wanda aka fara a 2004, yana da asusu a wani kamfanin fansho, kuma Hukumar PenCom ce ke sa ido a kansu. Dokar fansho ta 2014 ta kuma wajabta wa mai ɗaukar aiki ya yi wa ma'aikaci inshorar rai da ba ta gaza ninki 3 na albashinsa na shekara ba. Wannan kuɗi daban ne da na asusun fansho, don haka ka tambayi kowanne da sunansa. Tsofaffin ma'aikatan tarayya na tsohon tsari suna ƙarƙashin hukumar PTAD mai biyan fanshonsu, sojoji suna da hukumar fanshonsu, ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi kuma sai hukumar fansho ta jiharsu. Tambayarka a ko'ina iri ɗaya ce: an biya, yaushe, nawa, wa ya sa hannu, wane asusu aka tura. Kada ka manta da ƙungiyar adashin ma'aikata ta ofishin, da Asusun Gidaje na Ƙasa da ake yankar kashi 2.5 cikin 100 na albashi dominsa.

Hannun jari kuma, iyaye da yawa sun saya da sunan 'ya'yansu lokacin da bankuna ke tallar hannun jari tsakanin 2004 da 2008. Hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari tana da shafin intanet da ake sa suna a ga ko akwai ribar da ba a karɓa ba. Gwada sunanka da na mamacin ta kowace siga. Idan yana da kamfani mai rajista, Hukumar CAC mai yi wa kamfanoni rajista tana ba da rahoton da ke nuna daraktoci da masu hannun jari, daga nan za ka ga ko an sauya sunaye bayan rasuwarsa.

Mataki na 6: Gida, fili, gona, shago da dabbobi

Kadara mai takardar mallaka ta gwamnati ana binciken ta a ofishin filaye: KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja, sauran jihohi kuma ma'aikatar ƙasa da safiyo. Da lambar fili ko ta fayil za a nuna maka sunan da ke kai yanzu, da ko an jinginar da ita a banki. Wadda ba ta da irin wannan takarda, cinikinta yakan bi ta hannun mai unguwa ko dagaci da dillali da maƙwabta, kuma wanda ya saya yana riƙe da takardar ciniki mai nuna farashi da wanda ya sayar.

A nan bambancin da na ambata a baya yake aiki. Cinikin da uba ya yi a kadarar ɗansa ƙarami ana ɗaukarsa a kan maslaha ce har sai an tabbatar da akasin haka, amma kuɗin cinikin na yaron ne. Cinikin da baffa ko yaya ko uwa suka yi ba da wasiyya ba, ba da izinin alƙali ba, ana iya ƙalubalantarsa a kotu. Shago a kasuwa, tambayi shugabannin layi da ofishin hukumar kasuwar. Shanu da tumaki da aka ba kiwo, makiyayin da 'ya'yansa sun san asalin kowace dabba da abin da ta haifa.

'Yan'uwa mata su lura da wannan sashe musamman. An saba a ce kason mace yana cikin gonar gida ko gidan gado, yayyenta maza na kula mata da shi, shekaru su shuɗe ba ta ga ko kwano ɗaya na amfanin gonar ba, ba ta ga kuɗin haya ba. Hayar da aka karɓa da amfanin da aka girbe suna cikin lissafi.

Mataki na 7: Yi wa wanda ya rene ka lissafi na adalci

Wannan matakin ya fi sauran nauyi a zuciya, kuma wanda ya tsallake shi bai nemi gaskiya ba. Zauna ka rubuta shekara bayan shekara abin da aka kashe a kanka da farashin wancan lokaci: kuɗin makaranta, littattafai, jarrabawar WAEC da NECO da JAMB, asibiti, sutura, abinci, kayan ɗaki idan an yi miki aure. Makarantar da ka yi tana iya gaya maka kuɗin zango na shekarun. Uwar da ta riƙe yara biyar da kason da bai kai kuɗin buhun shinkafa 20 ba, ba ta ci amanar kowa ba, ƙila ma ita ke bin ku.

Muktasar na Shehu Halil, littafin fiƙihun Malikiyya wanda alƙalanmu ke komawa gare shi, ya raba maganar gida biyu. Ana karɓar maganar wasiyyi a kan adadin abin da ya ciyar, matuƙar ya yi kama da gaskiya, amma ba a karɓar maganarsa cewa ya miƙa wa yaro dukiyarsa bayan ya balaga sai da shaidu. Wato "na kashe a kanka" tana da ƙarfi idan adadin ya dace da hankali, "ai na riga na ba ka" kuwa sai an kawo wanda ya gani.

Abin da ba ya shiga lissafin ciyarwa shi ne abin da mai riƙon ya kashe a kan kansa ko kan wasu: aurensa, motarsa, Hajjinsa, karatun 'ya'yan wani ɗakin, ko bashin da ya ba aboki bai dawo ba.

Sai maganar darajar naira, wadda ke da ciwo. A 2005 dala ɗaya tana wajen naira 130, a 2024 ta haura 1,500. Asalin hukunci a fiƙihu shi ne a biya bashin kuɗi da adadinsa, ko da yake wasu malaman wannan zamani suna ganin a duba daraja idan faɗuwar ta yi tsanani. Shi ya sa gano abin da aka saya da kuɗin yake da muhimmanci. Idan fili aka saya maka da su, filin naka ne da duk tsadar da ya yi. Idan mai riƙon ya saya wa kansa ne, asalin kuɗin bashi ne a wuyansa, sauran kuma sai abin da sulhu ko alƙali ya yanke.

Mataki na 8: Zama da mai riƙon

Sai yanzu za ka buɗe baki. Zaɓi lokacin da yake cikin natsuwa, ba a gaban matarsa ko ƙannenka ba, ba kuma ta saƙon WhatsApp ba. Ka durƙusa yadda ka saba gaishe shi, ka ce wani abu kamar haka: "Baba, Allah ya ƙara girma. Ina so ne ku sanar da ni yadda aka yi da kason da ya faɗo mini na Umma, don in san abin da ya rage in tsara karatuna, kuma kada a bar ku da nauyi." Idan uwa ce: "Umma, na san wahalar da kuka sha a kanmu. So nake mu zauna mu rubuta abin da aka karɓa da abin da aka kashe, don kowa ya huta."

Ka saurara har ya gama. Kada ka zaro takardunka a zaman farko sai in ya musanta cewa an ba shi komai. Iyaye da yawa kunya ce ke sa su faɗa, ba mugunta ba, kuma idan aka ba su ƙofar fita da mutunci sukan amsa. Da ka fito, rubuta abin da aka faɗa da kwanan wata.

Mataki na 9: Sulhu

Idan zaman bai haifar da komai ba, nemi wanda yake jin nauyinsa: yayansa, amininsa, malaminsa, limamin unguwa. Idan abin ya fi ƙarfin gida, akwai mai unguwa da hakimi, akwai Hukumar Hisba a jihohin da take, kuma ofishinta yana sauraron irin wannan ƙorafi na iyali kullum. Duk abin da aka daidaita a kai a rubuta shi: adadin da aka amsa, yadda za a biya, ko kadarar da za a ba ka a madadinsa, da sa hannun shaidu biyu. Ya fi kyau a kai takardar kotu ta tabbatar da ita. Biya kaɗan kaɗan da aka rubuta ya fi alƙawarin biya gaba ɗaya da aka yi da baki.

Idan ka zaɓi ka yafe, haƙƙinka ne, kuma alheri ne babba. Amma ka yafe bayan ka san adadin, da son ranka, ba don an taru a kanka ana yi maka barazanar baki ba. Kuma kasonka kaɗai za ka iya yafewa, ban da na 'yan'uwanka.

Mataki na 10: Kotu

Kada ka fara da ofishin 'yan sanda. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan rikicin da ba na laifi ba, kuma ranar da aka sa mahaifinka a bayan kanta, dangi gaba ɗaya za su bar maganar gadon su koma kanka. Ƙirƙirar sa hannu ko takardar bogi laifi ne, wannan sai ka shawarci lauya.

Ƙarar farar hula za ka shigar a kotun shari'ar da ke da hurumi, wadda yawan dukiyar ke nunawa, kana roƙon a umarci mai riƙon ya kawo lissafi, a umarci banki ko ofishin fansho su kawo bayanai, a dakatar da sayar da kadarar da ake jayayya a kai, a kuma miƙa maka abin da ya rage. Idan hukuncin bai gamsar da kai ba ana ɗaukaka ƙara har Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, wadda sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba ta hurumin gado da wasiyya da riƙon ƙananan yara. Ɗaukaka ƙara tana da wa'adi, don haka ka tambayi rijistara tun ranar hukunci. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya je ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa a babban birnin jiharsa, mata kuma akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA.

Za a iya ce maka ka makara. Ƙa'idar hauzi ta ce wanda ya ga ana amfani da kadararsa ya yi shiru shekara 10 ba tare da uzuri ba, ba a sauraron da'awarsa, tsakanin dangi kuma kotuna suna ƙirga shekara 40. Amma shekarun ƙuruciya uzuri ne, ba a ƙirga su, kuma abin da ya shiga hannun mutum ta hanyar amana ko aro ko jingina hauzi ba ya mallaka masa shi. Duk da haka kada ka jinkirta bayan ka girma ka kuma sani, musamman idan kadarar ta riga ta koma hannun bare.

Ka shiga da sanin cewa fiƙihun Malikiyya bai yarda a ɗaure uba ko uwa saboda bashin ɗansu ba. Wannan bai share bashin ba. Alƙali yana iya tabbatar da shi a rubuce, a biya daga kadarar da ake da ita, idan kuma mahaifin ya rasu bai biya ba, ana cire shi daga abin da ya bari kafin a raba wa magada. Idan ya riga ya rasu kafin ka fara wannan bincike, ka kai takardunka gaban mai rabon gadonsa tun ba a raba ba.

Idan kana da ƙanne da har yanzu ba su balaga ba, kuma kasonsu yana hannun da naka ya salwanta, ka sa wannan cikin roƙonka. Alƙali yana da ikon ƙididdige abin da ya rage nasu, ya sa a ajiye shi a asusu da sunan kowannensu wanda ba a taɓawa sai da izinin kotu, ko ya naɗa wani amintacce ya riƙe tare da mai riƙon na yanzu.